Jiran Injin Matsa

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Sabon littafi. Gaba na lissafi, baya na wannan rubutun.

Jami'in banki ya ce in kawo tsarin kasuwanci a rubuce: me nake yi, nawa nake kashewa, nawa ke shigowa, wa ke saye, da me zan biya. Tun ina 'yar firamare ake man gyaɗa da ƙuli a gidan nan, ba a taɓa rubuta ko sisi ba. Duk a kan Inna yake.

Abin da nake nema: ƙaramin injin matsa, da injin dizal da zai ja shi. Maƙeri ya ce 1,350,000 har da kafawa. A hannuna 310,000. Kwasar adashina ƙarshen Maris, 120,000. Albashin makaranta 35,000, shi ba ya shiga lissafin nan, na cefane ne.

Makon jiya mata masu gurasa sun fita zanga-zanga kan tsadar fulawa. Na ji su a rediyo ina wanke-wanke, sai da na tsaya na saurara har ƙarshe.

Talata, 6

Na dawo daga makaranta na ce wa Inna yau komai sai an auna. Tiya goma. Na zauna da biro a bakin murhu.

Suya a kasko da yashi, wuta kaɗan-kaɗan, don in ta ƙone man ya yi ɗaci. Murza, sheƙewa. Tsince ruɓaɓɓu da masu funfuna, wajen rabin kwano ya tafi a nan. Kai niƙa bakin titi, kuɗin niƙa, kuɗin yaron da ya ɗauka. Sai babban aikin: ƙullin a turmi, ruwan zafi kaɗan, juyawa, juyawa, har ya fara gumi man ya taso. Inna ta kwashe da ludayi, ta juye tunkuzar a kan dutse ta danne da dukkan ƙarfinta. Jijiyoyin hannunta duk a tashe. Ta huta sau uku kafin ta gama. Bara ba ta hutawa.

Na tambaye ta ribar nawa take gani. Ta ce, "Ke 'yar nan, mai shi ke dawo da kuɗin gyaɗa, ƙuli shi ne namu." Iyakar lissafinta ke nan, kuma da shi ta aurar da mu.

Alhamis, 8

Na haɗa lissafin. Gaskiyar Inna, man bai wuce kuɗin gyaɗar ba sai da ɗan kaɗan. Daga kuɗin ƙuli aka fitar da itace, niƙa, gishiri, leda, kwalabe. Abin da ya rage ba shi da yawa. In na sa ladan wuninta da nawa kamar na ɗan aiki, babu komai.

Raina ya ɓaci har isha.

Amma tunkuzar da muke soyawa cike take da mai, hannu ba ya iya fitar da shi duka. Inji zai fitar. Kuma abin da muke yi a wuni uku zai yi kafin azahar. A nan kaɗai maganar bashin ta tsaya. In ba haka ba babu dalilin cin sa.

Asabar, 10

Kasuwar Dawanau. Tambayar farashi kawai, ban sayi komai ba. Buhun da na taya watan jiya ya ƙara, dillalin ya ce in ban ɗauka yau ba kada in zo masa da farashin yau ranar Litinin. Manyan motoci jere ana lodin riɗi da wake. Ni da 'yar jakata a tsakiyarsu.

Wane farashi zan rubuta a takardar?

Talata, 13

Shagon kwamfuta, rajistar sunan sana'a da hukumar CAC. NIN, hoto, sunaye biyu ko ɗaya ya riga ya shiga hannun wani. Yaron shagon ya ce yana da tsarin kasuwanci shiryayye, na kaji, na kifi, na man gyaɗa ma akwai, suna kawai zai canza, 15,000. Ya buɗe mini na gani. Shafi talatin da wani abu, Turanci mai kyau, zane-zane masu launi. A ciki an ce shekara ta biyu za a fara kai mai ƙasashen waje.

Na ce a'a. Ranar da aka tambaye ni inda lamba kaza ta fito, me zan ce? Nawa shafi biyar ne, amma kowace lamba na san kaskon da ta fito. Zai buga mini nawa kawai.

Alhamis, 15

Labaran ƙarfe bakwai: hauhawar farashi ta Janairu kashi 29.9 cikin ɗari. Ni a takardata na ƙara kashi 10 kan kuɗin gyaɗa don ko-ta-kwana. Na goge.

Asabar, 17

Kawu ya zo duba Inna, maganar ta fito. Wata maƙwabciya ta kai ni wani ƙaramin banki tun a Janairu, ba jingina, kuɗi cikin mako guda, amma ruwa duk wata, biya duk mako. Kawu bai bari na ƙarasa ba. "Ba a gidan ƙanwata ba." Na ce ai ni ma na bar wannan, wanda nake bi yanzu ba ya ruwa. Ya ce suna kawai aka sauya. Na ce ban yarda ba, tun 2012 da Jaiz ya buɗe malamai ke duba irin wannan ciniki, ga TAJ ga Lotus sun biyo baya, da wasa ne da tuni an faɗa. Ya ce to in je in ji da kunnena, in dawo in yi masa bayani dalla-dalla.

Da zai tafi ya sassauta. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni dai kada ya hana ki barci."

Bai ce zai ba da komai ba. Ban tambaya ba.

Talata, 20

Na nemi izini a makaranta, banki tun ƙarfe tara. Layi. An kira ni sha ɗaya da rabi.

Bayanin jami'in, yadda na fahimta. Ba za su ba ni kuɗi a hannu ba. Su za su sayi injin daga maƙeri, ya zama nasu, sannan su sayar mini da ribar da muka sani tun farko, in biya kashi-kashi. Murabaha. Abin da aka rubuta ranar sa hannu shi ne, ba ya ƙaruwa ko dala ta kai ina. Wannan ya kwanta mini. Na tambaya in na makara wata guda fa. Ya ce akwai tara, amma ba ta shiga ribar banki, sadaka ake yi da ita. Na rubuta don Kawu.

Sai sharuɗɗa. Takardar CAC. BVN. Bayanin asusu na wata shida. Takardar farashi daga maƙeri mai hatimi. Kafin alƙalami kashi 20 daga wajena. Mutum biyu da za su tsaya mini, ɗaya dole ma'aikacin gwamnati mai albashi.

Ya duba bayanin asusuna ya ɗago. "Hajiya, ina cinikin?" Albashi kawai ke ciki da 'yan tiransifa. Cinikinmu na ɗari biyu ne, ɗari biyar, yara ke kawowa a hannu, daga gwangwanin Inna ya koma kasuwa. Bai taɓa bi ta banki ba. Ya ce daga yau ko nawa ne a riƙa zubawa a asusu kafin a taɓa, kuma in kawo littafin da nake rubutawa.

Bai wulaƙanta ni ba. Duk da haka na fito jikina a sanyaye.

Alhamis, 22

Dala a kasuwar canji ta Wapa ta doshi 1,900, in ji Abban yara. La'asar maƙeri ya kira. Ƙarfe ya tashi, injin dizal daga waje yake zuwa. 1,650,000. Kuma takardar farashin da zai ba ni mako biyu kawai za ta yi aiki.

Dubu ɗari uku, ina zaune ban yi komai ba.

Kashi 20 ya koma 330,000. In na biya, in adashi ya fito cif, saura 100,000 na sayen gyaɗa. Inji babu abin zuba masa.

Asabar, 24

Gidan Yaya. Na kai wa matarsa kwalba biyu da ƙuli mai yaji. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, ya tsaya mini a banki, na miƙa masa shafi biyar ɗin. Ya karanta har ƙarshe, ya koma shafi na uku ya sake. Ya tambayi kuɗin dizal, na nuna masa. Ya tambayi gyara in injin ya lalace. Akwai, dubu goma duk wata.

Ya ce zai yi tunani. Matarsa ba ta ce uffan ba.

Laraba, 28

Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa jiya, daga 18.75 zuwa 22.75. Wai don a tsayar da tsada. Na kira jami'in in ji ko ya shafe ni. Ya ce duk ribar da ba a sa wa hannu ba tana iya motsawa.

Yaya shiru.

Juma'a, 1 ga Maris

Ba komai. Na zuba 6,400 a asusu wajen mai POS, ya cire ladansa.

Litinin, 4

Yaya ya zo da kansa bayan magariba, bai shiga ɗaki ba, muka tsaya a zaure. Ashe ya taɓa tsaya wa wani abokin aikinsa, mutumin ya bar gari, shekara guda da rabi ana yankar albashinsa. Ko Inna ba ta sani ba. Ya ce, "Ba ke nake tsoro ba, ƙanwata. Kasuwar nake tsoro."

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. 'Ya'ya shida, ga haya. In gyaɗa ta ninka, in injin ya tsaya wata biyu, abincin yaransa za a taɓa, ba nawa kaɗai ba. Tun da na fara wannan abu lissafin faɗuwata nake yi, yau na ga tasa.

Na yi kuka bayan ya tafi.

Laraba, 6

Yau da sauƙi! Mai shagon bakin kasuwa ya ce in zan iya kawo jarka biyu duk mako zai daina saro wa daga cikin gari, namu ya fi ƙamshi, mata suna tambaya. Mai tsiren kwana kuma garin ƙuli yake so na yaji, kwano uku duk mako, har da abokinsa. Na ce su rubuta mini. Mai shago ya yi dariya, amma ya rubuta a takardar rasit ɗinsa ya sa hannu. Mai tsire ya rubuta da ajami.

Jarka biyu a mako da hannun Inna ba zai yiwu ba. Da inji zai yiwu har da saura.

Na liƙa takardun a bayan tsarin.

Asabar, 9

Na aika wa Yaya hoton takardun nan biyu, ban rubuta komai a ƙasa ba. Da yamma ɗansa ya kawo fom ɗin tsaya mini a cikin ambulan. Ya cike, ya sa hannu, har hoto ya manna. A gefe da fensir: kowane wata in kawo masa littafin ya gani.

Na yarda. Ko bai ce ba.

Mai tsaya mini na biyu Abban yara ya samo, ubangidansa na Kantin Kwari.

Litinin, 11

Ɗaya ga azumi. Zafi tun hantsi. Mai ya ƙare kafin la'asar, masu ƙosai sun kwashe. Da akwai inji da watan nan kaɗai ya biya wata biyu.

Alhamis, 14

Takardar farashin ta mutu tun makon jiya. Na koma wajen maƙeri, ya sabunta a 1,650,000, ya ce don azumi ne da kuma mutuncin Inna. Na ga irin injin a kwance, na wani ne daga Gaya, an yi masa fenti kore. Na leƙa cikin bututun, na taɓa ƙarfen da ke murɗa gyaɗar. Ya ce in ba a tsince tsakuwa ba nan ne ke fara cinyewa.

Na miƙa komai a banki. An buga hatimi, an ba ni lamba. Sai kwamiti ya zauna. Yaushe? "In sha Allahu ba da daɗewa ba."

Lissafinsu: su biya 1,320,000, in mayar 1,620,000 cikin wata 18. Dubu 90 duk wata. Takardata ta ce da inji zan riƙa rage 115,000 bayan an fitar da komai. Tazarar 25,000. Siririya, amma akwai ta.

Asabar, 16

Tafsiri a rediyo, malam ya zo kan ayar bashi ta cikin Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Rubutawa, wa'adi, shaidu. Inna tana tsince gyaɗa ta ce ashe abin da nake ta yi da biro yana da asali. Na kira Kawu na yi masa bayanin da ya nema tun watan jiya. Ya saurara. Ya ce sharaɗin shi ne injin ya shiga hannunsu tukuna kafin su sayar mini, in tabbatar da wannan. Zan tabbatar.

Hauhawar Fabrairu 31.7.

Talata, 19

Daga banki sun zo duba wuri, mutum biyu, ba sanarwa. Inna na tsakiyar matsa, zani ɗaure a ƙirji, ta ruga ta sako hijabi. Sun ɗauki hoton murhu, turmi, jarkoki, da shagon zaure inda za a kafa injin. Ɗayan ya tambayi hayaƙi da ƙara, maƙwabta sun yarda? Ban taɓa tambayarsu ba. Ya buɗe littafina ya zaɓi rana ɗaya, 2 ga Maris, ya ce in nuna masa kuɗin ranar a asusu. Na nuna a waya. Ya gyaɗa kai.

Ya yi maganar NAFDAC. In dai zan zuba a kwalba in manna suna in kai kantuna, sai da lambarsu, kuma doka ta ce man girki na sayarwa a sa masa sinadarin bitamin A. Funfunar gyaɗa ma suna dubawa, gubarta hanta take ci. Na ce wannan mataki na biyu ne, yanzu jarka da awo. Ya ce in rubuta haka a tsarin, kada ya zama ban san da shi ba.

Inna ta ba su ƙuli a leda. Suna azumi, sun karɓa na buɗa-baki.

Da daddare ta tuna zamanin dalar gyaɗa, tana yarinya, buhuna a jere har sama a bakin layin dogo, babanta na cikin masu ɗinkin buhu. Ta ce fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka tafi da ita. "Da mu ke cika jirgi. Yanzu tiya goma sai an yi shawara."

Laraba, 20

Na shiga gida uku na maƙwabta. Biyu sun ce ba komai. Na ukun ya ce ban da bayan magariba, ban da lokacin da tsohuwarsa ke barcin rana. Na rubuta.

Lahadi, 24

Waya a hannu ko ina. Ko a aji na sa ta a aljihun hijabi, abin da nake hana yara.

Laraba, 27

An sake ɗaga ruwa jiya, 24.75. Na kira. Kwamiti bai zauna ba, ƙarshen wata ne, ga azumi. Takardar farashi ta biyu gobe za ta mutu.

Na fara tunanin ko a haƙura. A ci gaba da hannu, a riƙa kai wa masu inji su matsa mana a biya su. Ba bashi, ba Yaya a ciki. Na yi lissafin haka ma: kuɗin mota zuwa da dawowa, ladan matsa, layi, kuma ba ka san abin da aka zuba a injin kafin naka ba. Ribar rabi. Amma barci cikakke.

Ban yanke ba.

Asabar, 30

Ranar kwasata. Uwar adashi ta zo da 100,000, mutum biyu ba su zuba ba, ɗaya mijinta na asibiti. Ta ce bayan Sallah. Me zan ce? Na san matar, na san ɗakin da take kwana.

Saura na gyaɗa 80,000.

Alhamis, 4 ga Afrilu

An ƙara kuɗin wuta ga masu samun awa 20, naira 225 kowane yunit. Unguwarmu ba ta cikinsu, ko awa shida ba ma gani, dalilin da ya sa na zaɓi dizal ke nan. Amma maƙeri da wuta yake walda.

Dala ta sauko ƙasa da 1,300. Na kira shi da murnata ko zai rage. Ya ce ƙarfen da ke shagonsa da tsada ya saye shi. Ba ragi. Bai ƙara ba dai.

Litinin, 8

Aiki har ƙarfe ɗayan dare, man Sallah. Ni ke matsa yanzu, Inna ta koma suya, kafaɗarta ta ƙi. Tafin hannuna ya yi kanta. Ciniki mafi yawa tun da na fara rubutawa, duk na zuba a asusu kafin in cire na gyaɗa.

Laraba, 10

Sallah. Yaya ya zo gaida Inna da yaransa. Na kawo masa littafin kamar yadda muka yi, ko da yake ba a fara biyan komai ba. Ya duba a tsaye. Ya ce rubutuna ya fi na ofishinsu tsari. Na ji daɗi har raina.

Litinin, 15

Banki sun kira, ina cikin aji. Na fita baranda.

Kwamiti ya amince, amma wata 12, ba 18 ba. Sabuwar sana'a ce a wajensu, asusun bai daɗe da fara motsi ba. Jimilla 1,524,000, dubu 127 duk wata. Kuma sabuwar takardar farashi. Ina da zuwa ƙarshen wata in sa hannu ko in bari.

127 a kan 115.

Na koma aji na ƙarasa darasin, ban san me na koyar ba.

Talata, 16

Lissafi tun asuba. Ribar da za su ɗora ta ragu da kusan dubu ɗari, wannan gaskiya ne. Amma duk wata giɓin 12,000, kafin gyaɗa ta motsa, kuma damina na tafe, lokacin da tsohuwar gyaɗa ke tsada sabuwa ba ta fito ba sai wajen Oktoba. Watannin farko su ne mafi wuya.

Hanyoyi. In cike daga albashi, cefane ya koma kan Abban yara shi kaɗai, sai na tambaye shi. In riƙa matsa wa matan unguwa a biya ni lada, ban sa wannan a tsarin ba, gida nawa ke yin mai a layinmu da na baya? In ƙirga. Ko in bar injin dizal sabo in nemi na hannu, bashin ya ragu, in banki zai yarda da na hannu. Ko in roƙi wata biyu na farko ba biya.

Inna ta ce in yi istihara. Zan yi.

Yaya bai sani ba tukuna. A kan dubu 90 ya sa hannu, ba 127 ba. Dole ya ji daga bakina kafin ya ji daga banki.

Laraba, 17

Gida tara ke yin mai. Biyar sun ce za su kawo in ladan bai wuce na bakin titi ba.

Maƙeri ba ya nan, ya tafi Wudil kafa wani injin, sai Juma'a. Jami'in ya ce maganar wata biyu sai in rubuta wasiƙa, bai yi alkawari ba. Na rubuta, gobe a buga.

Gidan Yaya bayan la'asar.